Kafin a biya kuɗin jakar goyo, a fara goya ta

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, ina roƙon ka ɗan sammin fili in yi magana da ƙannenmu da 'ya'yanmu na Kano akan wani abu da za a ga kamar ƙarami ne, wato jakar goyo, jakar da mutum zai rataya a bayansa ranar da zai fara hawa babban dutse tare da ɗan jagora.

Abin da ya tayar min da wannan magana shi ne, ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar ɗan yayata ya shigo min gida nan Gwale yana ta murna, wai Kawu zo ka ga jakar da na siyo, shi da abokansa na jami'a za su tafi Taraba hawa dutse in an yi hutu. Na karɓa na juya ta, wata ƙatuwar jaka ce baƙa mai aljihu kusan goma, an rubuta sunan wani kamfanin waje da manyan baƙaƙe a gabanta, ga ƙyalli ga kyau a ido, amma da na laluba bayanta babu ƙarfe ko ɗaya a ciki, na naɗe ta gida biyu kamar tabarma, igiyar ƙugun kuma siririya ce kamar tazugen wando. Wallahi sai da gabana ya faɗi, don irinta sak na taɓa siya, kuma har yau in sanyi ya kama ina jin wurin da ta cinye min a kafaɗar dama.

Yanzu dai kowa ya san hawa dutse ya zama yayi a wajen matasanmu. Ka buɗe Facebook ko Instagram za ka ga an haɗa tawaga, yau an tafi Kufena a Zariya, gobe duwatsun Shere a Jos, masu ƙarfin hali kuma su nufi Mambila. Ni ina cikin masu murna da haka ƙwarai, don yaro ya tashi ya ga ƙasarsa ya motsa jikinsa ya fi masa zaman majalisa daga safe har dare. Amma in ka shiga guruf ɗinsu na WhatsApp, hirar duk ta takalmi ce da kuɗin mota da wayar da ta fi ɗaukar hoto, ita jaka sai ana gobe tafiya ake tunawa da ita, wani ya ari ta ƙaninsa ta makaranta, wani ya zazzage ta kwamfutarsa, wani kuma ya shiga kasuwa ya ce a bashi wadda ta fi kowacce girma. Na ƙarshen nan shi ne ni shekara biyu da suka wuce.

Mu bakwai muka tashi a watan Janairu za mu hau Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Najeriya, mita 2,419, yana jihar Taraba a bakin iyakarmu da Kamaru, a gefen gandun dajin Gashaka Gumti wanda shi ne mafi girma a ƙasar nan. Ana kuma ce wa dutsen Gangirwal. Kwana uku kafin tafiya na shiga kasuwa, na ce wa wani mai jakunkuna dutse zan hau, bai tambaye ni kwana nawa ba, bai tambaye ni wa zai ɗauki tanti da abinci ba, kawai ya sauko min da wata ya ce Alhaji wannan lita 80 ce (da lita ake auna girman cikin jaka), Turawa ma ita suke riƙewa. Na rataya ta babu komai a ciki na ji sakayau, na biya na tafi. Da na je gida, tunda akwai wuri, sai na dinga zubawa, kaya kala biyar, bargo mai nauyi irin na gado, takalma biyu bayan na ƙafata, gwangwanayen kifi da madara, buta, babbar darduma, fawa bank guda biyu, har da kwalbar zuma. Jaka in tana da fili to sai ka cika shi, haka zuciya take, kowane abu sai ka ce ai zai yi amfani.

A mota ban san me nake ɗauke da shi ba. Daga Kano muka bi ta Gombe da Numan zuwa Jalingo, washegari muka wuce Bali da Serti, muka kama hawan nan mai lanƙwasa daga Mayo Selbe har saman Mambila, zuwa Nguroje, daga nan kuma babura suka kwashe mu awanni akan hanya mai wuya har inda babur ba ya iya ci gaba. Duk wannan tafiyar but ɗin mota da bayan babur ne suke ɗauke da jakar, ni dai nawa in sauke in ɗora.

A ƙauyen da za mu fara takawa da ƙafa ne jagoranmu, wani dattijon Bafulatani siriri wanda ya girme mu duka, ya bi jakunkunanmu ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa da hannu ɗaya. Da ya zo kan tawa ya ɗaga ya ajiye, ya dube ni ya ce, Malam, kai ɗaya za ka ɗauki wannan? Na ce eh Baffa. Ya ce buɗe. A gaban kowa ya ware bargon gadon da takalmi ɗaya da gwangwanaye da kaya kala uku, muka ƙulle su a buhu muka bar wa wani mai shago ajiya. Ya kuma taɓa igiyar ƙugun da yatsa biyu, ya girgiza kai bai ce komai ba, don a nan babu inda za a samo wata.

Awa ɗayan farko lafiya lau, ga iska mai daɗi ga ciyawa shimfiɗe ga shanun Fulani a kan tudu, abin sai wanda ya gani. Shiga awa ta biyu sai na fara jin hannuwan jakar suna nutsewa a kafaɗata kamar ana yanka ni da igiya, yatsuna suka kumbura suka sage, in na so buɗe gorar ruwa sai na yi ta fama, kuma saboda babu abin da ya riƙe jakar a jikina, duk takun da na yi sai ta yi lilo ta dawo ta doke ni a ƙugu. In muna hawa tana rinjayata baya dole in sunkuya kamar mai neman allura a ƙasa, in muna gangara ta taho ta danne min ƙeya. Akwai wata ƙorama da muka tsallaka a kan duwatsu masu santsi, ina tsakiya jakar ta karkata hagu ta tafi da ni, ba don wanda ke bayana ya cafke ta ba da na faɗa da kaina akan dutse, kuma a wurin nan babu asibiti babu sabis, sai Allah. Daga lokacin na daina ganin komai na kyawun wurin, idona yana kan ƙafata, tunanina yana kan kafaɗata, mutanen da muka taho tare kuma dole suka dinga tsayawa suna jirana, wannan ya fi ciwon damuna, don jinkirina ya sa mun isa wurin kwana bayan magariba ana kafa tanti da tocila.

Kafin mu isa ɗin ne hannun dama na jakar ya ɓalle daga sama, ɗinkin ya warware gaba ɗaya. Kaya dai ya tsinke a gindin kaba, don Baffa yana da basilla da zaren lilo a aljihunsa. Ya zaunar da ni a kan wani dutse ya ɗinke shi tsaf, sannan ya ce in tashi in goya. Da na goya sai ya kwance rawaninsa ya zagayo da shi ta ƙasan jakar ya ɗaure min a ƙugu tamau, ya ce to taka mu gani. Ranka ya daɗe, kamar an sauke min rabin kayan. Ya ce Malam, ba ka taɓa kallon mahaifiyarka tana goyo ba? Yaro a ƙugu yake zama, majanyi ke riƙe shi.

Wannan magana ita ce duk ilimin jakar goyo, kuma muna ganinta kullum a gidajenmu ba mu lura ba. Ka dubi mace ta goya yaro ɗan shekara biyu, mai nauyin kilo goma ko fiye, ta yi shara da shi, ta yi daka, ta tafi unguwa tun daga Gwale har Kurna ta dawo, ba ta ce kafaɗarta na ciwo ba, saboda yaron yana manne da gadon bayanta babu rata, zani ya rungume shi, majanyi kuma ya tallafo shi daga ƙasa ya ɗora nauyinsa akan ƙashin ƙugunta, daga ƙugu nauyin ya sauka ƙafafu waɗanda su ne aka halitta don ɗaukar kaya. In goyon ya yi sako-sako yaro ya fara zamewa, nan take za ka ga ta tsaya ta sunkuya ta ɗan cilla shi sama ta sake ɗaurewa. Masu ƙera jakar hawa dutse ta gaskiya abin da suka yi kenan. Sun sa mata sanduna na alminiyom ko faranti mai tauri a cikin bayanta don ta tsaya da kanta, sun sa mata bel mai faɗi mai kaurin soso wanda zai zauna akan ƙashin ƙugu ya ɗauke yawancin nauyin, hannuwan kafaɗa kuma aikinsu kawai su hana ta faɗawa baya. Duk jakar da babu waɗannan biyun, ƙarfen baya da bel mai kauri, to ta zuwa makaranta ce ko ta shiga mota, komai kyanta komai sunan da aka manna mata.

Kuma ita ma jaka tana da awo kamar riga, wannan shi ne abin da ban taɓa ji ba sai bayan na dawo. Ba tsayin mutum ake dubawa ba, tsayin bayansa ake dubawa. Ka sunkuyar da kai, ka shafa bayan wuyanka za ka ji wani ƙashi ya turo, daga nan ake farawa. Sannan ka dafa ƙugunka da hannu biyu a saman ƙashin, manyan yatsunka su kalli juna ta baya, inda suka nuna a tsakiyar baya nan ne ƙarshe. Telanka zai auna maka wannan da tef a minti ɗaya, yawancin manya suna faɗawa tsakanin inci 15 da 22. Mutum biyu za su iya zama tsayi ɗaya amma ɗaya dogayen ƙafafu gare shi ɗaya dogon baya, jakar da ta zauna wa wannan ba za ta zauna wa wancan ba. In jakar ta fi bayanka tsawo za ka ga rata tsakanin hannuwanta da kafaɗarka, in ta gaza kuma bel ɗin zai hau cikinka ya bar ƙugu, kafaɗa ta koma ɗaukar komai. Wasu masu kyau ana iya matsar da hannuwansu sama ko ƙasa, irin waɗannan su suka fi dacewa da mai siyen farko, kuma ko aro za a bayar a gida za su yi wa kowa.

To in an je kasuwa kada a gwada jaka fanko, wannan ita ce yaudarar da na yi wa kaina. Kowace jaka daɗi gare ta in babu komai a ciki. Hanya mafi sauƙi a garin nan, ka sayi jakar fiya wata guda, leda 20 ce a ciki kowacce rabin lita, ruwa lita ɗaya kuma kilo ɗaya ne, kaga kilo 10 kenan cif. Ka zuba a cikin jakar, ka goya, ka fara ɗaure bel ɗin ƙugu tukuna, sannan ka ja hannuwan kafaɗa, sannan ƙananan igiyoyin nan biyu da ke saman kafaɗa waɗanda ke janyo kan jakar zuwa jikinka, sai ta ƙirji a ƙarshe. Ka zaga layin kasuwar minti goma ko sha biyar, ka sunkuya, ka juya hagu da dama, ka ɗaga kai ka kalli sama ka ji ko tana tokare maka ƙeya. In ka iya zura yatsa a ƙarƙashin hannun kafaɗar ba tare da wahala ba kuma ka ji nauyin a ƙugunka yake, to kun daidaita. Mai kayan da ya ƙi yarda ka yi wannan gwajin ka yi masa sallama ka wuce gaba, ai ba shi zai hau dutsen ba.

Maganar girma kuwa, don Allah kafin a taka kasuwa a kira jagoran ko wanda ya shirya tafiyar a tambaye shi. Kwana nawa za a yi a daji, akwai 'yan dako ko kowa kayansa zai ɗauka, wa zai riƙe tanti da tukunya, akwai ruwa a hanya ko sai an ɗebo tun daga ƙasa. Amsar waɗannan ita za ta gaya maka lita nawa kake nema. In yini ɗaya ne kamar Kufena ko Shere, a hau da safe a sauko da yamma, lita 20 zuwa 30 ta wadatar. In za a kwana biyu ko uku kuma kai za ka ɗauki shimfiɗarka da abincinka, 50 zuwa 60 ta isa. In akwai 'yan dako to babban kayan ma ba a jakar goyo za ka sa ba, jaka mai laushi mara taya za ka basu, kai ka riƙe ƙarama. Ko Kilimanjaro ta Tanzaniya mai mita 5,895, wadda ake kwana shida ko bakwai ana hawa, masu zuwa ba su goya fiye da lita 30 zuwa 35, ruwansu da rigar sanyi da rigar ruwa da ɗan abin taɓawa, sauran yana wajen 'yan dako, su ma akwai doka akan kilo 20 kada a ɗora musu fiye da haka. To ina dalilin lita 80 a tafiyar kwana uku?

Akwai ƙa'idar da masu wannan harka suke bi, cewa jaka da duk abin da ke cikinta kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita. Ni kilo 70 nake, kenan iyakata 14, kuma wannan ga wanda ya saba ne, ɗan koyo gara ya tsaya ƙasa da haka. A cikin 14 ɗin nan ruwa lita uku ya riga ya cinye kilo uku, ita kanta jakar ta cinye kusan biyu, to ka lissafa abin da ya rage. Nan ne abincinmu na gida yake da rana, dabino, ƙuli-ƙuli, kilishi, dambun nama, soyayyiyar gyaɗa, garin kwaki da sikari, duk ba su da nauyi ba sa lalacewa kuma suna riƙe ciki, sun fi gwangwani nesa ba kusa ba. Zuma a juye ta a ƙaramar roba. Sallaya a nemi siririyar nan ta matafiya mai shiga aljihu, buta kuma guda ɗaya ta ishi tawaga.

Yadda ake shirya kayan ma yana canza nauyin da za ka ji. Abu mai laushi wanda sai dare za a nema, kamar bargon nan mai zif da ake shiga ciki a kwanta, shi ne a can ƙasa. Masu nauyi, ruwa da abinci, a tsakiya manne da gadon baya, kamar dai yadda yaro ke mannewa. Rigar ruwa da rigar sanyi da tocila da magunguna a sama inda hannu zai kai ba sai an zazzage komai ba. Kuma a daina rataye kofi da takalmi da leda a waje suna reto, reshe zai kama su, kuma su ne suke karkatar da mutum a wuri mai santsi.

Kada wani ya ce zai rage nauyi ta hanyar barin kayan sanyi. Duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi, Kano ba ta kai mita 500 ba daga teku, kaga tsakaninmu da kan Chappal Waddi akwai bambancin digiri 12 ko fiye, ga iska kuma babu abin da ya tare ta. Daren da muka kwana a gindin dutsen na sa duk abin da ya rage min na kaya ina rawar ɗari har asuba, da safe tantin ya jiƙe sharkaf da raɓa. Mambila kuma wuri ne mai ruwan sama, damunarsu ta fi tamu tsawo sosai. Yawancin jakunkuna ruwa yana shiga ta ɗinki da zif ko da mai kaya ya rantse maka ba ya shiga, don haka a nemi mai rigarta ta ruwa, galibi tana naɗe a wani ɗan aljihu a ƙasa, sannan a zura babbar leda mai kauri a ciki kafin a fara zuba kaya, waya da fawa bank kuma kowanne da ledarsa.

Na san za a ce to Malam irin wannan jakar ai kuɗi ce, ɗan makaranta ina zai samu. Gaskiya ne sabuwa ta asali tana da tsada ƙwarai, kuma ba ko'ina ake samunta a Kano ba. Amma wadda nake riƙe da ita yanzu a gwanjo na same ta a Ƙofar Wambai, ta kamfanin Deuter ce na Jamus, lita 55, ta ɗan koɗe ta gefe ɗaya amma ƙarfenta lafiya bel ɗinta lafiya, kuma kuɗinta bai kai na waccan sabuwar da ta ɓalle min ba. Sai da na yi zuwa uku kafin na dace, don ba kullum ake buɗe dila mai irinsu ba, na bar wa wani mai kaya lambata ya kira ni. Ana samun na kamfanonin Osprey da Gregory ma jefi-jefi. Ni a ganina tsohuwa ta asali ta fi sabuwa ta jabu sau goma. In za a duba ta gwanjo a ja hannuwan da ƙarfi a kalli ɗinkin da ya haɗa su da jiki, a matsa soson bel ɗin a ga ko yana dawowa ko ya mutu, a ɗaura makullan roba a ɓalle sau da yawa a ji suna ƙara, a ja zif daga farko har ƙarshe, in an ga YKK a jikin kan zif ɗin alama ce mai kyau. A leƙa ciki kuma, in rufin cikin yana ɓarewa kamar fatar maciji ko yana danƙo a hannu to ta tsufa da yawa. Makulli ɗaya da ya karye ko ɗan ɗinki da ya saki ba abin damuwa ba ne, masu gyaran jaka za su yi maka shi nan take. Wanda kuma tafiya ɗaya kawai zai yi bai san ko zai ƙara ba, ya yi aro babu kunya a ciki, amma ita ma ta aron a gwada ta da kaya.

'Yan matanmu ma sun shiga wannan harka, na ga hotunansu da hijabansu a kan duwatsu, to su sani akwai jakunkunan da aka yi don mata, bayansu ya fi gajarta, hannuwansu a lanƙwashe suke don kada su danne ƙirji, bel ɗin ma an yanka shi daidai ƙugun mace. Kada a ɗauko ta yaya a ɗora wa ƙanwa a ce ai duk jaka jaka ce.

Ina da kira ga 'yan kasuwarmu masu jakunkuna, ku ji tsoron Allah ku tambayi mai siye ina za shi. In ka san abin da ke hannunka na makaranta ne ka faɗa masa, cinikin da za ka rasa yau bai kai alhakin yaron mutane da zai faɗi a dutse ba. Sannan abin yana bani mamaki, garin da ya yi suna da dukanci da jima tun kaka da kakanni, garin da telolinsa ke ɗinka wa rabin Arewa kaya, a ce har yanzu babu wanda ya kwance jaka ɗaya ta asali ya ga yadda aka haɗa ta ya fara yi mana a nan daidai aljihunmu. Ga kasuwa tana zuwa da ƙafarta. Masu shirya tafiye-tafiyen nan su ma, karɓar kuɗi da tura lambar asusu ba shi kenan ba, ku rubuta wa mutane abin da za su ɗauko tun wata guda kafin tafiya, ku tara su ku duba jakar kowa tun a Kano inda za a iya canzawa, kada sai an je ƙauyen da ko shagon allura da ƙyar.

Shi dai ɗan yayata mun koma kasuwa da shi ranar Asabar, mai kayan ya yi mana kirki ya karɓi jakarsa ya dawo da kuɗin bayan ɗan ja-in-ja. Mun biya wajen telana ya auna bayansa, inci 19, na ara masa tawa na matsar da hannuwan daidai shi. Jiya da asuba bayan mun idar da sallah muka tafi Dala, na zuba masa jakar fiya wata ɗaya a ciki, ya hau matakalar ya sauko sau uku ina biye da shi. A hawa na biyu ya ce Kawu ƙuguna ne ke zafi, na duba na ga ya ɗaure bel ɗin a ƙasan ƙashin, muka ɗaga shi sama kaɗan muka sake ja, ya ce yanzu ya ji daidai. Sati mai zuwa za mu ƙara kilo biyu mu tafi Goron Dutse, kuma na ce ya gayyato sauran abokan tafiyar tasa kowa ya zo da jakarsa in gani.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naka,
Mai karanta ku kullum,
daga Gwale, Kano.